Malam Aminu Kano (1920–1983): Malamin Makaranta Mai Neman Adalci a Harkar Ilimi

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci sunan Malam Aminu Kano, abin da ya fi saurin faɗowa a zukatan jama'a shi ne siyasa, wato jam'iyyun NEPU da PRP da kuma gwagwarmayar ƙwato wa talaka 'yancinsa. Sai dai kafin ya hau duro ya yi wa jama'a lacca, a gaban allon aji ya fara tsayawa, inda ya shafe shekara takwas yana aikin koyarwa da horar da malamai. Wannan babi zai bibiyi tarihin rayuwarsa ta wannan fuska, domin a ga yadda abin da ya gani a makaranta ya zama tushen manufofinsa na gyaran al'umma.

Kafin a shiga cikin tarihin, ya kamata ɗalibi ya bambance kalmomi biyu da masu nazarin manufofin ilimi suke yawan amfani da su, wato daidaito da adalci. Daidaito shi ne a ba kowane yaro abu iri ɗaya, kamar a buɗe ƙofar makaranta ga kowa. Adalci kuwa shi ne a dubi halin da kowane yaro yake ciki, a kawar masa da abin da zai hana shi shiga ta wannan ƙofa ko ya hana shi zama bayan ya shiga. Yaron da ubansa ya kasa biyan haraji, da yarinyar da aka ɗora wa talla, da almajirin da ya baro garinsu, duk ƙofar a buɗe take a gabansu, amma kowanensu yana da abin da ya tare masa hanya. A kan waɗannan shingaye Malam Aminu ya ƙarar da rayuwarsa.

1.1 Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, ranar 9 ga watan Agusta, 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne masanin fiƙihu wanda ya yi aiki a kotun alƙali ta Kano. Ya fito ne daga zuriyar Gyanawa, wani reshe na Fulani da ya shahara da malanta da alƙalanci. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma mai ilimi ce, kuma a hannunta da na kakarsa ya fara karatun Alƙur'ani.

Abu biyu ya kamata a lura da su a wannan tashi nasa. Na farko, mata ne suka fara koya masa karatu, saboda haka tun yana ƙarami ya san cewa mace tana iya riƙe ilimi har ta bayar da shi. Na biyu, ya tashi a gidan da ake tattauna shari'a, kusa da masu mulki amma ba a cikin sarauta ba. Wannan ya ba shi damar ganin yadda ake gudanar da hukunci, da yadda mai ƙaramin ƙarfi yake fita daga gaban hukuma.

1.2 Yanayin Ilimi a Zamanin da Ya Tashi

Turawan mulkin mallaka sun ci Kano a shekarar 1903, inda suka tarar da makarantun allo da na ilimi masu ɗimbin yawa a birni da ƙauye. A shekarar 1909 Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa, Kano. Babbar manufar wannan ilimi ita ce samar da waɗanda za su riƙe ayyukan hukumar gargajiya, wato En'e, saboda haka aka fi mayar da hankali ga 'ya'yan sarakuna da na malamai. Ba a tsara shi don ya game kowa ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, iyaye da yawa suna ƙyamar boko saboda tsoron kada ya raba 'ya'yansu da addini. A wurare da dama, idan aka nemi hakimi ko dagaci ya kawo yara, sai a ɓoye 'ya'yan gida a tura na barori ko na talakawan da ba su da ikon cewa a'a. Ta haka makaranta ta zama kamar wani nau'in aikin tilas a idon mutanen karkara. Amma a manyan matakai guraben kaɗan ne ƙwarai. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920 don horar da malamai, ita kaɗai ce irinta a duk lardunan Arewa. Makarantun 'yan mata na gwamnati kuwa sai a shekarar 1930 aka fara buɗe su a Kano da Katsina, kuma yawancin ɗalibansu na farko daga gidajen sarauta da na manyan ma'aikatan En'e suka fito.

1.3 Neman Iliminsa

A cikin wannan yanayi ne aka sa Aminu a makarantar elementare ta Shahuci a shekarar 1930. Daga nan ya wuce Midil ta Kano, wadda a yau ake kira Kwalejin Rumfa. Tun a wannan makaranta halinsa na ƙin yarda da danniya ya fara bayyana, domin yana cikin waɗanda suka jagoranci ɗalibai wajen nuna rashin amincewa da ƙarancin abinci da kayan buƙatu da kuma tsananin horo.

A shekarar 1937 ya shiga Kwalejin Katsina, wadda aka mayar Kaduna a shekarar 1938, kuma ita ce daga baya ta zama Kwalejin Barewa ta Zariya. A nan ne ya fara rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa, yana shirya su tare da 'yan'uwansa ɗalibai. Daga cikinsu akwai Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba? da kuma Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya. Wasannin suna nuni ne ga zamba da cin amana da zaluncin masu riƙe da iko. Wannan ya sa masu nazarin adabi suke lissafa shi cikin waɗanda suka share fagen rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa. Ya kammala karatunsa a shekarar 1942 da shaidar malanta.

1.4 Aikin Koyarwa a Bauci

Wurin aikinsa na farko shi ne Midil ta Bauci, inda ya yi aiki tare da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. A Bauci ne kuma ya ƙulla zumunci da Malam Sa'adu Zungur, malami kuma mawaƙi, wanda ya yi tasiri ƙwarai a kan tunaninsa. Zumuncin nasu ya ɗore har zuwa rasuwar Sa'adu a shekarar 1958, kuma daga baya Malam Aminu ya rubuta tarihin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi a shekarar 1973.

A matsayinsa na malami, Malam Aminu ya yi fice wajen kusantar ɗalibai. Yana ba su damar yin tambaya da musayar ra'ayi, yana kuma amfani da wasan kwaikwayo wajen isar da darasi, a lokacin da bulala da haddar abin da malami ya faɗa su ne hanyar da aka fi sani. A ganinsa, yaron da aka tarbiyyantar a kan tsoro a aji, da tsoro zai tsaya a gaban hakimi da alƙali idan ya girma.

A wajen makaranta kuma, yana cikin matasan da suka raya majalisar tattaunawa ta Bauci, wadda aka kafa a shekarar 1943 da amincewar hukuma. A wannan zaure malamai da ma'aikata da jami'an Turawa sukan zauna su yi muhawara a kan al'amuran yau da kullum. Da muhawarar ta kai ga tsarin mulkin En'e da albashin sarakuna, sai hukuma ta ga abin ya wuce gona da iri, aka rufe zauren. Wannan ya koya wa Malam Aminu cewa tattaunawar masu ilimi tana da iyaka muddin ba ta da jama'a a bayanta.

1.5 Karatu a Ingila da Kafa Ƙungiyar Malamai

A shekarar 1946 ya samu tallafin ƙaro karatu a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Zamansa a can ya zo daidai da lokacin da gwamnatin jam'iyyar Leba take shimfiɗa manufofin jin daɗin jama'a a Ingila, irin su kiwon lafiya kyauta da faɗaɗa ilimin sakandare ga 'ya'yan ma'aikata, ya kuma zo daidai da samun 'yancin ƙasar Indiya a shekarar 1947. Ya ga yadda hukuma take iya ɗaukar ilimin kowane yaro a matsayin nauyin da ke kanta. Hanyar gwagwarmayar lumana ta Mahatma Gandhi ita ma ta burge shi ƙwarai. Abin da ya zaɓa ya yi nazari a kai a wannan cibiya shi ne matsalar ilimin 'yan mata a Kano, wanda ke nuna inda zuciyarsa ta karkata tun kafin ya shiga siyasa.

Bayan ya komo gida, sai ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa a shekarar 1948, ya kuma zama babban sakatarenta. Ƙungiyar ta nemi a gyara albashi da sharuɗɗan aikin malamai, a inganta manhaja, a kuma daidaita matsayin malaman Arewa da na takwarorinsu na Kudu. Hujjarsa ita ce, malamin da aka wulaƙanta ba zai iya koya wa yaro sanin darajar kansa ba, kuma duk wanda ya samu wata hanya zai gudu ya bar aikin, a bar 'ya'yan talakawa da waɗanda ba su da zaɓi.

Ba da jimawa ba aka ɗauke shi daga Bauci zuwa makarantar horon malamai ta Maru, a lardin Sakkwato na wancan lokaci, wato Jihar Zamfara ta yau. Maru ƙauye ce a lokacin, nesa da cibiyoyin da ake motsin siyasa. A can ya zauna cikin manoma, ya ga yadda haraji da jangali da aikin tilas suke cinye ɗan abin da magidanci ya noma. Ya fahimci cewa ba za a iya raba matsalar makaranta da matsalar tattalin arzikin gida ba, domin uban da ake bi bashin haraji ba zai saki ɗansa daga gona ba.

1.6 Daga Aji Zuwa Fagen Siyasa

Ranar 8 ga watan Agusta, 1950, wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda aka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Kalmar sawaba a bakin Bahaushe tana nufin sauƙi bayan wahala, kuma zaɓenta ya nuna cewa da talaka ake magana, da harshen da yake ji. Da yake dokar aikin gwamnati ta hana ma'aikaci shiga siyasa a fili, sai Malam Aminu ya ajiye aikinsa a watan Nuwamba na wannan shekara ya koma Kano. A shekarar 1953 ya zama shugaban jam'iyyar.

Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa, wanda ya ba hukumar En'e damar cusa nata mutane a matakin ƙarshe, ya hana su samun kujera ko ɗaya a Majalisar Jihar Arewa. Magoya bayan jam'iyyar da yawa sun sha ɗauri da bulala da kora daga garuruwansu. Shi kansa Malam Aminu ya faɗi zaɓen Majalisar Wakilai ta Tarayya a shekarar 1954, sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas, ya kuma rasa ta a zaɓen 1964.

A duk tsawon wannan lokaci bai daina ɗaukar kansa malami ba. Laccocinsa darussa ne a kan haƙƙin ɗan ƙasa, da Hausa mai sauƙi, cike da misalai daga kasuwa da gona da kotu, tare da hujjoji daga Alƙur'ani da Hadisi da rubuce-rubucen shugabannin jihadi. Ya kuma riƙa gabatar da tafsiri a watan azumi. Har ya bar duniya da laƙabin Malam jama'a suke kiransa.

1.7 Makarantun Islamiyya da Ilimin Mata

A farkon shekarun 1950 Malam Aminu ya buɗe makarantar Islamiyya a Kano bisa sabon tsari. An raba yara aji-aji, ana koyar da Alƙur'ani tare da fahimtar ma'anarsa, da Larabci da fiƙihu, a haɗa da lissafi da karatu da rubutun boko. Manufar ita ce a rufe ramin da ke tsakanin ɗan makarantar allo da ɗan makarantar boko, ta yadda uba ba zai zama dole ya zaɓi tsakanin addinin ɗansa da abin da zai ci da shi a duniya ba. Magoya bayan NEPU sun buɗe irin waɗannan makarantu a wasu garuruwan Arewa. Da yake an danganta su da jam'iyyar adawa, sun gamu da tsangwama daga hukumomin gargajiya da 'yan bangar siyasa, wasu ma dole aka rufe su. Duk da haka tsarin ya kafu, kuma makarantun Islamiyya masu aji da manhaja sun zama ruwan dare a ƙasar Hausa.

Dangane da mata, matsayinsa a bayyane yake. Ya nemi a ba su ilimi, a ba su 'yancin jefa ƙuri'a, a kuma daina aurar da yarinya ba da yardarta ba. Bai kafa hujja da al'adun Turawa ba. Ya koma ne ga tarihin ƙasar nan, ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda a littafinsa Nurul Albabi ya soki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, da kuma Nana Asma'u wadda ta kafa tsarin 'yan taru don ilimantar da matan karkara. NEPU ta kafa reshen mata, inda Hajiya Gambo Sawaba ta yi fice, ta kuma sha ɗauri sau da yawa saboda wannan aiki. Matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai a shekarar 1976, shekara 16 bayan samun mulkin kai.

1.8 Riƙe Muƙami, Kafa PRP da Rasuwarsa

A shekarar 1967 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya, a 1971 kuma aka mayar da shi Ma'aikatar Lafiya, inda ya zauna har 1974. Ya kuma shiga aikin tsara kundin mulkin Jamhuriya ta Biyu. A shekarar 1978 ya jagoranci kafa jam'iyyar PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979, inda ya zo na huɗu da kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa. Jam'iyyar ta ci kujerar gwamna a Kano da Kaduna, wato Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa. Gwamnonin biyu sun soke haraji da jangali da hawansu mulki, abin da NEPU ta shafe kusan shekara 30 tana nema. A shekarar 1980 kuma gwamnatin Kano ta kafa hukumar ilimin manya, wadda aikinta na yaƙi da jahilci ya jawo mata lambar yabo ta UNESCO.

Sai dai wannan nasara ta zo da rarrabuwar kai. Tun a shekarar 1980 PRP ta dare gida biyu, 'yan taɓo da suka tsaya tare da Malam Aminu, da 'yan santsi da suka bi gwamnonin. Wasu daga cikin almajiransa sun zarge shi da sassautowa ga gwamnatin tarayya, shi kuma ɓangarensa ya zargi gwamnonin da bijire wa jam'iyya. Wannan rikici ya raunana tafiyar a shekarunsa na ƙarshe. Duk da haka, a shirin zaɓen 1983 ya ɗauki mace, Uwargida Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa a takarar shugaban ƙasa.

Allah bai nufe shi da ganin zaɓen ba. Ya rasu ranar Lahadi, 17 ga watan Afrilu, 1983, yana da shekara 62, aka binne shi a gidansa da ke Gwammaja. Mutumin da ya riƙe ma'aikatun tarayya biyu bai bar wata dukiyar a zo a gani ba. An sa sunansa ga filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa da kwalejin nazarin shari'a da addinin Musulunci. Gidansa, wanda ake kira Mambayya, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, inda masana suke gabatar da laccoci da sakamakon bincike a kan mulki da manufofin jama'a, musamman a taron tunawa da shi na shekara-shekara. Baya ga tarihin Sa'adu Zungur, ya bar littattafan Hausa irin su Motsi Ya Fi Zama da Hikayoyin Kaifafa Zukata.

1.9 Kammalawa

Da yawa daga cikin abubuwan da Malam Aminu ya nema sun shiga dokokin ƙasa. An ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a shekarar 1976, an kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, sannan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. Amma a shekarar 2022 UNESCO ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan miliyan 20 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, kuma binciken masana ya nuna cewa matsalar ta fi tsanani a Arewa, musamman tsakanin 'yan mata da almajirai da 'ya'yan matalautan karkara. Waɗannan su ne rukunonin da ya nuna da yatsa tun a shekarun 1940 da 1950.

Doka tana iya buɗe makaranta, amma abin da zai faru da yaro bayan ya shiga yana hannun malami. Malami ne yake yanke shawarar wanda zai zauna a gaba da wanda za a manta da shi a baya, shi ne yake kiran yarinya ta amsa tambaya ko ya tsallake ta, shi ne kuma yake bin sawun yaron da ya daina zuwa ko ya soke sunansa daga rajista. Hatta harshen da yake bayani da shi yana iya jawo yaro ko ya kore shi. Wanda yake shirin ɗaukar alli ya sani cewa a irin wannan aji ne Malam Aminu ya fara aikinsa a Bauci a shekarar 1942.

Tambayoyin Bita

1. Bambance tsakanin daidaito da adalci a harkar ilimi, tare da misalai biyu daga yankinku.
2. Yi bayanin yadda zaman Malam Aminu a Bauci da Maru ya yi tasiri a kan manufofinsa na siyasa.
3. Wace matsala ce makarantun Islamiyya na sabon tsari suka zo magancewa?
4. Kawo hujjojin da Malam Aminu ya dogara da su wajen neman ilimin mata.
5. Tattauna gudummawarsa ga bunƙasar rubutaccen adabin Hausa.